Ba a Shiga Rumfar Inna da Takalmi

Bacirawa, Kano.

Zuwa ga ƙanina Muntaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk wanda ke cikin gidan. Ya damina? Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Na rubuto ne don na gaji da ɓata katina a kanka. Duk sanda na kira, sai ka bari na kai tsakiyar magana ka fara "Halo, halo, Yaya ba na jin ki," ka kashe, ka ɗora wa sabis laifi. To ga takarda nan, ita ba ta da sabis ɗin da zai ɗauke. Sama'ilu direba zai miƙa maka hannu da hannu, kuma na ce masa kada ya tayar da mota sai ya ga ka buɗe.

Shi Sama'ilun ne ya ba ni labarin abin da ya gani a rumfar Inna. Wai firizar da na aiko an lulluɓe ta da tsohon zani, an jera kwanuka a kai, har kaza ta samu wurin hutawa. Muntaka, ka san wahalar da na sha kafin abin nan ya isa Kukar Sambo? Ni na turo wanda ya yi wa rumfar wayarin, ni na aiko da firizar da injin markaɗe da hita, don tsohuwar nan ta daina zaman jiran abin da za ka sam mata daga rumbu. Garinku kaf babu mai ƙanƙara. Wutarku kuma ta fi tamu ta nan zama, tunda ba abin da kuke ja da ita sai ƙwai da cajin waya. Zoɓo da kunun aya kawai za a ƙulla a jefa, masu dawowa daga gona su wawashe. Wannan ma ya gagare ku?

Na tambayi dalili, aka ce wai amaryarka Zakiyya ta ce firizar tana jan ta. Tana jan ta zuwa ina? Ni shekara da shekaru ina buɗe firiza, ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini ci kanki ba. Abin da na sani shi ne yarinya ta hango aiki, ta nemi ƙarya mai sauƙi. Kai kuwa tun kana yaro ko akuya ce ta yi maka kuka sai ka miƙa mata tuwonka, shi ya sa ka bi ta ka zauna. Tun ranar da aka ce mini 'yar malamai ce daga Rimin Gado na san abin da muka ɗebo, irin waɗanda hannunsu bai san komai ba sai allo.

A yaye zanin nan, a kori kazar, a kunna. Ka karanta wa Inna wannan takarda, kuma kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, da Goggo Tahira. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Aina'u.

Kukar Sambo, ta Ɗanbatta.

Zuwa ga Yaya Aina'u, babbar Malama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara. Damina alhamdulillahi, gero ya rufe ƙasa, gyaɗa ma ba laifi.

Takardarki ta iso. Sama'ilu ya tsaya a kaina kamar ɗan sanda har na kai ƙarshe. Na karanta wa Inna wuraren da suka karantu, sauran na haɗiye.

Yaya, ku mutanen birni kuna ganin kamar mu nan zaune muke mun tallafe haɓa muna jiran saƙonku. Ni tun asuba ina gona. Ba ni da lokacin gadin firiza, wadda kika ce sabuwa ce, ko da yake tsatsar da ke gindinta ta girmi aurena. Amma kada ki ce ban bincika ba. Na dawo daga gona, ko takalmin robana ban cire ba, na dafa ta da hannu biyu, har rungumar ta na yi. Sama'ilu ya taɓa. Naziru mai shago ya zo ya taɓa. Ba wanda ta ja. Ita kuwa mutuniyar, Zakiyya, da ta kai hannu sai ta daka tsalle ta ƙwalla ƙara kamar kunama ta harbe ta. Injin markaɗen ma haka, hitar ma haka. Duk abin da kika aiko ya zama abokin gabarta. Inna dai kin san ta, tun ranar da ta ji firizar na gurnani ta ja tabarmarta can gefe, ta ce ba ruwanta da abin da ke numfashi ba shi da rai.

Ba bin ta na yi ba. Na yi faɗan har na gaji. Amma Goggo Tahira ta ce mu bi a hankali, wai ba ƙarya ba ce, iska ce, don ta taɓa ganin wata a Makoɗa da ba ta iya taɓa ƙarfe sai ta faɗi. Ni dai ko ƙarya ce ko iska ce, duk ɗaya ne a wurina, tunda ƙanƙara ba ta samu ba, ga surutunki. Na yi wa Malam Khalilu magana zai zo ya yi mata tofi.

Sai maganar mai wayarin da kika turo mana. Wannan bawan Allah bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya rasa inda zai kafa wani dogon ƙarfe sai bayan katangar Inna, cikin gonata, daidai kan kunyar farko. Kin san gonar nan har gindin katanga take, ko tafin hannu ba na bari a banza, tunda ta maƙwabci ta matse mu ta kowane gefe. Ranar huɗa garma ta sarƙe da wayar da ya ɗaura wa ƙarfen, saura kaɗan sa ya karye mini. Na tuge shi, da ƙyar ma, don ya yi nisa a ƙasa. Jan ƙarfe ne mai kyau, na yi wa ragon Inna turke da shi. Wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba, ƙwai na ci, firiza na gurnaninta. Ashe ado ya kafa don a ce ya yi aiki. Irin ma'aikatan da kike yabo ke nan.

An yaye zanin, an kori kazar. Saura me?

Inna na gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man zafi. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Muntaka.

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Kukar Sambo.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da Inna, ya sa a mizani.

Ki gafarce ni da na rubuto miki ba tare da sanin ƙaninki ba. Na ba matar Sama'ilu ta ba shi a ɓoye. Na ji abin da aka karanta wa Inna, don ina bakin murhu a lokacin, kuma wanda ya karanta ba ya iya rage murya.

Yaya, wallahi tallahi ba ƙyuya nake yi ba. A gidanmu ni ke yi wa ɗaliban Baba tuwo tun ban kai tsawon muciya ba. Ina son sana'ar nan, don na ga yadda Inna ta yi murna ranar da aka sauke kayan. Amma duk sanda na taɓa murfin firizar, sai in ji wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har kafaɗa, haƙorana su haɗu, hannun ya wuni kamar ba nawa ba. In ƙasa da jiƙa abin ya fi tsanani, kuma kin san simintin rumfar ba ya bushewa da damina. Malam Khalilu ya zo ya yi tofi, na sha rubutu, na gode masa. Washegari ta ja ni kamar kullum.

Ga abin da na lura da shi. Ranar da Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, gida ba kowa, na manta na shiga rumfar da silifa a ƙafata. Na buɗe, na jera zoɓo, na rufe, ban ji komai ba. Na cire silifan na sake taɓawa, ta ja ni. Ban san ilimin abin ba, amma na ga duk waɗanda suka taɓa ba ta ja su ba da takalmi suke. Ni kaɗai ce ke cire nawa a bakin rumfa, tunda ba zan taka takalmi a gaban Inna ba, ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Na gaya wa ƙaninki, ya ce in na kuskura na shiga gaban mahaifiyarsa da takalmi, in wuce da shi har Rimin Gado.

Abu biyu nake roƙo, ko ɗaya aka yi mini na gode. Ko a mayar da kayan wani wuri da ba gaban Inna ba, ko a kira mai gyaran wuta ya duba. Ke ce ake jin maganarki a gidan nan.

Akwai kuma abin da kunya ta hana ni gaya wa kowa, har shi. Ke mace ce, za ki gane. Yanzu ba ni kaɗai ba ce. Ƙarami ne ƙwarai, kuma duk sanda abin nan ya fizge ni sai in ji marata ta ɗaure. Tsoro nake ji, Yaya. Don Allah ki rufa mini asiri, ki taimake ni.

Ki huta lafiya. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarki mai biyayya,
Zakiyya.

Bacirawa, Kano.

Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarki ta iso, na amsa.

Rubutunki da kyau, ba shakka an iya riƙe alƙalami a gidanku. Na karanta har ƙarshe ina jiran in ga inda aka dosa, sai ga shi ya fito fili. Wato duk wannan tsalle-tsalle da ihu, ashe takalmi ake so a taka a gaban uwarmu. To ba a gidanmu ba. Matar wanmu marigayi ta zauna da Inna shekaru, ko tsakar gida za ta ratsa, in Inna na zaune, a hannu take riƙe takalminta. Ba ke da kika zo jiya ba za ki canza mana tsari da sunan wutar lantarki.

Wai a mayar da kayan wani wuri. Ina? Ɗakinki? Na gane wannan ma. Soket ɗaya aka yi, a rumfar Inna aka yi shi, don kayan Inna ne, kuma nan za su zauna. Mai gyara kuma da kike cewa a kira, wanda ya yi aikin nan shi ya yi wa makarantar da nake koyarwa wayarin, ba a taɓa jin yaro ɗaya ya ce bango ya ja shi ba. Ba zan kira mutum in kunyata kaina saboda binciken da kika yi da silifa ba.

Ɗaya maganar kuwa, Allah ya raba lafiya. Amma ba a kanki aka fara ba. Ni da cikin fari nake hawa motar haya zuwa aiki, in dawo in yi wanki in yi girki. Inna da cikina take daka a turmi har ranar da ta haife ni. Buɗe murfi da rufewa ba zai kashe ki ba. Zan riƙe miki sirrinki kamar yadda kika roƙa, amma kada ki mayar mini da shi sandar dogarawa.

Ina nan tafe ranar kasuwar Ɗanbatta. Zan taɓa firizar da hannuna a gabanki, a gaban duk matan unguwa, mu ga ko ni ma za ta ja ni. Daga ranar ba na son in ƙara jin wannan zance.

Ki gaida Inna.

Aina'u.

Kukar Sambo, ta Ɗanbatta.

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya kika koma, ya gajiyar hanya? Mu nan gero ya fara nuna, tsuntsaye sun hana ni sakat.

Yaya, zuwanki ya yi amfani na ɗan lokaci, ban ƙi gaskiya ba. Har yanzu mata na labarin yadda kika shigo da takalminki mai tsini, kika buɗe firizar kika rufe, kika sake buɗewa, kika hau kai kika zauna kina tambayar su ko sun ga an ja ki. Da kuma amsar da kika ba mutuniyar sanda ta ce miki a hankali, "Yaya, ki cire takalmin ki gani." Kika ce ke a rumfar nan aka yanke miki cibi, ba baƙuwa ce za ta sa ki tuɓe takalmi ba. Matan unguwa sun yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu yara in sun hango ta sai su ce ga matar da firiza ke so.

Bayan tafiyarki ta kama aiki ba musu. Takan naɗe hannu da tsumma, wani lokacin ta yi 'yar ƙara ta haɗiye. An fara ciniki, Inna har ta fara zancen sayen tunkiya. Malam Khalilu ya dawo ya yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aljanin bai ce uffan ba. Malam ya ce shi bai ga alamar komai a jikinta ba, amma Goggo Tahira ta ce ai irin masu taurin kan nan ne, bebaye.

To ga abin da ya faru. An ɗauke wuta ta daɗe ba a kawo ba, ƙanƙara ta narke, ruwa ya malale rumfa. Inna ta ce wa mutuniyar ta kwashe kayan ta wanke cikin firizar. Tana sunkuye, rabin jikinta a ciki, sai aka kawo wuta. Ni ina can gefen tsakar gida ina ba rago dusa na ji ihun Inna. Na tarar da ita a ƙasa ta bugu da turmi, idanu sun juye, hannu ya sandare. Goggo ta ce ai ga shi nan, aljanin ya buge ta. Da ta farfaɗo sai ta dunƙule tana riƙe da ciki, mata suka kore ni waje suna ƙus-ƙus, ban san me suke ɓoye mini ba, ban kuma tambaya ba.

Wata mai dogon baki ta buga wa gidansu waya. Kafin la'asar sai ga wanta Sha'aban da motar haya. Ko ruwa bai sha ba. Na miƙa masa hannu, ya ba ni 'yan yatsu kamar mai taɓa abin ƙazanta. Ya ce Malam, mahaifinsu, ya ce a ba shi 'yarsa zai kai ta asibiti. Na ce asibiti ba ya maganin iska, ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauke ta suka tafi. Malamai ke nan, ga ilimi ga girman kai.

Ni ba zan je biko ba. Ban kore ta ba, in ta gaji da zama ta san hanya. Damuwata ɗaya, gidan Naziru za su yi suna, sun ce a yi musu zoɓo da kunun aya mai sanyi, Inna kuma ta amsa. Ni dai ba zan zauna ina ƙulla leda ba ina namiji. Tunda ke ce mai firiza, kuma ke ba ta jan ki, sai ki zo ki fitar da Inna kunya.

A gaida Alhaji. Sai mun gan ki.

Ƙaninki,
Muntaka.

Bacirawa, Kano.

Muntaka,

Salama kawai zan yi maka don ta wajaba. Assalamu alaikum.

Da hagu na so in rubuta wannan takarda, don har yanzu hannuna na dama bai gama dawowa ba. Ka yi sa'a ka tsere kasuwa da ka ji abin da ya faru, ka ƙi dawowa har na hau mota. To abin da ban samu na gaya maka a fuska ba, ga shi.

Na yi alwalar azahar a gindin randa, na bar silifana a nan, na ce bari in leƙa ko kunun ya fara kamawa kafin in tayar da salla. Ƙafata a jiƙe, hannuna a jiƙe, na kama murfin. Muntaka, na ga mutuwa da idona. Wani abu ya cafke ni ya girgiza ni ya yi jifa da ni kan kwanukan Inna. Ɗankwalina ya yi gabas, zanina saura ƙiris. A gaban wa? A gaban matan gidan suna da suka zo taya ni ƙulli, waɗannan dai da suka yi dariya ranar nan. Wannan karon ma sun yi, sai dai a cikin mayafi. Goggo Tahira kuwa ta dafa kaina ta fara tofi tana cewa aljanin ya bar amarya ya dawo kan Aina'u. Ni! Da digirina!

Ina tashi na tura aka ɗauko mai gyaran wuta daga Ɗanbatta. Ya sa abin gwajinsa a jikin firizar, abin ya haska, alamar akwai wuta. Ya ce ina ƙarfen da aka binne a ƙasa? Muka zaga bayan katanga, ba komai sai guntun waya a cikin geronka. A nan na tuna da surutun da ka yi mini a takarda, wanda ban ko tsaya a kansa ba don na ɗauka shirmenka ne na kullum. Na ja shi muka koma tsakar gida, na nuna masa ragon Inna. Mutumin na ganin turken nan ya ce ai ga ƙarfen nan.

Bari in yi maka bayani yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ƙarfen da ka kira ado, shi ne hanyar da wuta ke bi ta shige ƙasa in ta ɓalle ta hau jikin firiza ko injin markaɗe. Da ka tuge shi, wutar ta rasa hanya, sai ta zauna a jikin kayan tana jiran wanda ƙafarsa ke kan ƙasa ba takalmi, ta bi ta jikinsa. Kai da abokanka kuna ta rungumar firiza da takalman roba kuna ƙirga kanku jarumai. Saboda kunya ɗaya ta gero, wadda ba za ta cika ƙwarya ba, ka kusa kashe ni. Ya ce ita ma firizar akwai inda wayarta ta goge a ciki, amma wannan ƙaramin abu ne, da ƙarfen na nan da ba wanda zai ji.

An haƙa rami, an mayar da ƙarfen, an zuba gishiri da gawayi kamar yadda ya ce, an ɗaura sabuwar waya. Na sa an kewaye wurin da duwatsu. In garmarka ta ƙara zuwa kusa, da kai da shanun zan haɗa. Ragon kuma ka sassaƙa masa turken itace kamar kowane manomi mai hankali.

Saura maganar matarka. Duk kai ka jawo. Kana gida, kana gani, aka ce maka ga abin da ke faruwa, ka kasa cire takalmi sau ɗaya ka gwada. Ka wanke ƙafa ka sa riga mai kyau ka tafi Rimin Gado biko, ka tafi da Kawu don a saurare ka. Inna ba ta da mai taimaka mata, ni kuma ba zan bar aikina in riƙa zaryar ƙulla zoɓo ba. Zan rubuta mata ni ma, in na sa baki za ta dawo.

Ka gaida Inna, ka ce mata hannun da sauƙi.

Aina'u.

Bacirawa, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ki miƙa gaisuwata ga Malam da Inna taku da Sha'aban.

Albishirinki. Na gano abin da ke damun firizar nan. Na je da kaina na bincika, na kawo mai gyara, ashe sakarcin mijinki ne, ya tuge ƙarfen da ke shanye wutar ya ɗaure rago da shi. Ni ma ta taɓa ni kaɗan. Yanzu an gyara, na taɓa ta ba takalmi, lafiya ƙalau. Na kuma tara matan unguwa na gaya musu ba iska ba ce, don haka ba wanda zai ƙara yi miki wani kallo. Kin ga na wanke ki.

Abin da ya wuce ya wuce. Ke ma da kin fito da maganar sosai, ba a cikin ladabin nan naku da ba a gane inda aka dosa ba, da ba a kai haka ba. Zaman aure sai da haƙuri, kuma kin san halin ƙauye. Muntaka na nan tafe da Kawu, kada ki ja musu rai. Ki tattaro ki dawo ɗakinki, kaka ta zo, aiki ya yi wa Inna yawa, ga masu sayen ƙanƙara sun saba.

Ya nauyin jiki kuma? Ki riƙa cin abinci sosai. Na ga wasu kayan jarirai masu kyau a kasuwa, na ce bari a ɗan kwana biyu in saya.

Sai na ji kin koma.

Yayarki,
Aina'u.

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Rimin Gado.

Zuwa ga Malama Aina'u,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, Baba ya amsa gaisuwa. Allah ya ba hannunki lafiya.

Na gode da kika gano abin da na rubuta miki. Na gode da wankin da kika yi mini, ko da yake ni ban taɓa shakkar kaina ba.

Kada ki wahalar da kanki da kayan jarirai. Cikin ya zube a mota, kafin mu kai asibiti. Ki gaya wa ƙaninki, tunda bai san da shi ba, kuma ke kaɗai na gaya wa.

Ki ce wa Kawu ya huta, kada ya sha hanya a banza. Inna kuwa ki gaishe ta, ki ce na yafe mata, ita ba ta sani ba.

Takarda ɗaya ta rage da nake jira daga gidanku, kuma ba ke za ki rubuta ta ba. Ya ba Sama'ilu ya kawo mini.

Wassalam.

Zakiyya.